Lambunan Jakara: Gonakin da ke ciyar da Kano amma babu su a taswira

Duk wanda ya bi ta Kwakwaci ko Gama da sanyin safiya a watannin hunturu, ya ɗan leƙa ƙarƙashin gada, zai ga abin da ba ya cikin kowace taswirar gwamnati: komayen salak da alayyafo da kabeji da lansir da albasa mai lawashi, jere a gaɓar rafin Jakara, kore shar a tsakiyar birnin da ƙura ta turnuƙe. Kafin hantsi an cire na cirewa, an ɗaure, an ɗora a kan babur ko amalanke an nufi 'Yan Kaba da Sabon Gari da kasuwar Rimi. Kafin azahar wani ya shiga tukunyar miya, wani yana kan farantin mai sayar da shinkafa da wake a bakin sakatariya. Ma'aikacin da ya ci abincin rana a wurin bai san cewa ganyen da aka yanka masa ya kwana a ƙasa ba, kilomita uku ko huɗu daga ofishinsa.

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, maganar abinci ta zama kan gaba a bakin kowane magidanci. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa dubu. A watan Yulin 2023 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan samar da abinci, amma duk da haka a tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. A cikin wannan yanayi ne kiran “kowa ya yi lambu a gidansa” ya sake dawowa, har ofishin Uwargidan Shugaban Ƙasa ya sa gasa a kai. Masu shekaru za su tuna cewa an yi irin wannan kira a 1976, zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo, lokacin da aka riƙa shuka masara a harabar makarantu da bayan gidajen ma'aikata.

Kiran ba shi da laifi. Sai dai ya kauce wa inda gizo ke saƙar. Kano ba ta buƙatar a koya mata noman cikin gari; ta daɗe tana yin sa. Abin da ta rasa shi ne hukumar da za ta yarda cewa wannan noma wani ɓangare ne na birnin, ta ware masa ƙasa a dokance, ta kuma kare ruwan da yake sha. Rashin waɗannan biyun ne ke cinye lambunan, kuma asarar ba ta tsaya ga 'yan lambu kaɗai ba.

Tarihi ya nuna cewa magabata sun fi mu fahimtar lamarin. Ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa da waɗanda suka biyo baya, ba gidaje kawai ta kewaye ba. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ke cikin badala ba, sauran gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth, da ya zo a 1851, shi ma ya tarar da sarari mai yawa da ake nomawa a cikin ganuwa. Ba sakaci ne ya sa aka bar waɗannan filaye ba. Birnin da za a iya yi wa ƙawanya wata da watanni dole ne ya iya ciyar da kansa daga ciki. Da harshen yau sai mu ce tsaron abinci yana cikin tsarin birnin tun daga tushe.

Akwai kuma wata dabara da ta ɗore har cikin ƙarni na ashirin. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun daga shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shigowa birni da itace da hatsi, su koma da mangaloli cike da takin juji: toka, kashin dabbobi da sharar gida. Da wannan taki ne manoman kewayen Kano suka riƙa noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da sun bar ta ta huta ba, kuma ba ta mutu ba. Sharar birni tana komawa gona, gona tana dawo da abinci. Abin da ake tara masana a manyan otal-otal a yau ana kira sake sarrafa shara, jakin Kano ya yi shi shekaru aru-aru. Leda ce ta ɓata wannan ciniki. Jujin yanzu rabinsa leda ne da robobi da batura da fasassun kwalabe, manomin da ya kai shi gonarsa sai ya biya a tsince masa.

Tsarin birane na zamani, wanda muka gada daga Turawa, ya zo da wani tunani dabam: gari wurin gidaje ne da ofisoshi da kasuwanni da masana'antu, noma kuwa na ƙauye ne. Babban tsarin da Trevallion ya zana wa Kano na shekara ashirin ne, daga 1963 zuwa 1983, kuma birnin ya daɗe da tsallake iyakokin da aka yi hasashe a lokacin. Sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar da ke cikin birni a hannun gwamna. Yana da ikon karɓe ta don amfanin jama'a, kuma diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ne ko aka shuka a kai, ba ta ƙasar kanta ba. Mai lambu kuwa me ya gina? Komaye, da 'yar rijiya, da salak ɗin da zai cire bayan mako shida. A idon mai zana taswira, wurin da ya yi shekara talatin yana ciyar da unguwa fili ne da ba a riga an raya ba.

Da yawa daga cikin masu lambun ma ba nasu ba ne filin. Wani aro aka ba shi, wani haya yake biya duk shekara, wani yana noma gefen layin dogo ko bayan katangar wata hukuma bisa kawaicin mai gadi. Tun a 2001 wasu masana uku, Kenneth Lynch da Tony Binns da Farfesa Emmanuel Olofin na Jami'ar Bayero, suka wallafa bincike a kan lambunan Kano, inda suka nuna cewa babbar barazanar da ke kansu ita ce rashin tabbacin riƙe ƙasa. Fiye da shekara ashirin ke nan. Wanda ya san Ƙofar Ruwa da kewayenta a wancan lokaci, ya koma yau, gani ya kori ji.

Illar rashin tabbas ta wuce ranar da katafila za ta zo. Mutumin da bai san ko zai sake shuka a wuri baɗi ba, ba zai dasa mangwaro ko gwaiba ba, ba zai haƙa rijiya mai zurfi ba, ba zai kashe kuɗi ya gyara ƙasa ba. Zai ɗebi ruwan da ya fi kusa, ya zuba takin da ya fi araha, ya shuka abin da ya fi saurin fitowa. Banki ba ya ba shi rance domin ba shi da takarda. Malamin gona ba ya zuwa wurinsa, domin hukumar KNARDA, kamar yadda sunanta ya nuna, ta noma ce da raya karkara. Hukumar tsara birane ta KNUPDA kuma gine-gine take dubawa. Ma'aikatar muhalli ta san da shi ne kawai idan ana maganar ƙazantar ruwa. Ɗan lambun birni maraya ne a tsakanin ofisoshi uku.

Kada a zargi mai filin da ya sayar. Lissafin a fili yake: fuloti ɗaya a cikin gari yana kawo miliyoyin Naira a rana guda, salak kuwa ko shekara ashirin za a yi ana cirewa ba zai kama ƙafarsa ba. Magada goma da suka gaji fadama ɗaya, kowa da bukatarsa, ba za su jira kabeji ba. Dillali zai zo da igiya, a auna, a yanka, a raba. Awon igiya ya gina rabin sababbin unguwannin Kano, ya kuma ba talaka muhallin da gwamnati ta kasa ba shi, wannan gaskiya ce. Amma igiyar dillali ba ta san kwari ba, ba ta san hanyar ruwa ba. Idan aka bar wa kasuwa ita kaɗai ta yanke hukunci tsakanin siminti da ganye, siminti ne zai ci kullum. Shi ya sa batun ya zama na doka.

A nan ne maganar ta shafi ɗan kasuwar da bai taɓa riƙe fartanya ba. Wuraren da ake lambu a cikin birni galibi fadamu ne da gaɓar rafuka da bakin kududdufai, wato inda ruwan sama ke taruwa ya kwanta ya nutse. Kududdufan cikin birni sun samo asali ne daga ramukan da aka haƙi ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan damina. A unguwar da na tashi akwai guda ɗaya da muke kamun tarwaɗa a cikinsa muna yara, ga wani dattijo yana noman yakuwa da kuɓewa a bakinsa. An cike shi da shara, aka bi da ƙasa, yanzu shaguna ne. Ruwan da yake sha bai daina zuwa ba. Zauren gidajen maƙwabta yake shiga. A daminar 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta jiƙa atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, kuma 'yan kasuwar da kansu sun ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

Gwamnati na iya cewa za ta bar irin waɗannan wurare a matsayin filin shaƙatawa ko sararin shan iska. Mun ga yadda ake ƙarewa da irin wannan alkawari. Filin da babu mai shi a aikace, cikin shekara biyu zai zama juji ko maɓoyar 'yan shaye-shaye, a shekara ta uku wani mai ƙafa ya ce gara a raya shi. Ko Abuja, da aka zana ta da koren filaye tun a babban tsarin 1979, ba ta tsira daga wannan ba. Fadamar da ke da masu lambu hamsin kuwa tana da masu gadi hamsin da ba a biyan su albashi, waɗanda abincinsu ya dogara da kada a zuba shara, kada a toshe ruwa. A ganina wannan ce hujja mafi ƙarfi da mai tsara birni zai riƙe, ta fi ta farashin kayan miya nauyi. Ƙari a kan haka, duk wanda ya ratsa gefen lambu a watan Afrilu ya san bambancin iskarsa da ta kan kwalta.

Sai dai akwai wani ɓangare mara daɗin faɗa, kuma wanda ya ɓoye shi bai yi wa mai karatu adalci ba. Ruwan da ake ban-ruwa da shi a Jakara da rani ba ruwan sama ba ne. Ruwan kwatocin birni ne, na wanka da wanki da abin da ya fi haka. Rafin Getsi kuma yana kwaso dagwalon masana'antun Bompai ya zuba a Jakara, ita kuma ta gangara har madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. A kudancin birni rafin Salanta yana ɗauke da na Sharaɗa zuwa kogin Challawa, inda masana'antun jima suke. Bincike da dama sun gano sinadarai masu guba irin su kuromiyam da dalma da kadmiyam a cikin waɗannan ruwaye, da ƙasar da aka shayar da su, da ganyen da ya tsiro a kai. Waɗannan sinadarai ba sa kwantar da mutum rana ɗaya. Taruwa suke yi a jiki sannu a hankali, kuma ƙoda tana cikin gaɓoɓin da suke fara taɓawa.

Ya kamata a raba matsalar gida biyu, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da ke cikin ruwan kwata ana iya rage su da dabaru masu sauƙi, irin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta zayyana a ƙa'idojinta na 2006: a tara ruwan a tafki ya kwanta kafin a ɗiba, a zuba shi a gindin shuka maimakon a kan ganye, a dakatar da ban-ruwa 'yan kwanaki kafin cira, a wanke kaya da ruwa mai tsafta a kasuwa, uwargida ma ta sake wankewa da kyau. Amma dalma da kuromiyam ba sa wankuwa da gishiri, kuma dafuwa ba ta kashe su. Wurin tare su ɗaya ne, bakin bututun masana'anta. Dokar da ta wajabta wa kamfani tace ruwansa kafin ya sake shi tana nan, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tabbatar da bin irin waɗannan dokoki ita ma tana nan. Duk lokacin da labarin gubar ya tashi, sai a ji ana kiran a hana noma a Jakara. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. A kori 'yan lambu gobe, ruwan zai ci gaba da gangarawa Wasai, inda ake kamun kifi ana shayar da dabbobi.

Kada kuma a zuzuta abin ya wuce kima. Lambunan cikin gari ba za su ciyar da miliyoyin mutanen Kano da gero da dawa da shinkafa ba. Wannan aikin Dawanau ne da gonakin Kura da Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga. Ko tumatur, mafi yawansa daga Kwanar Gafan da makamantanta yake shigowa. Gurbin da lambun birni ke cikewa na kayan da ba sa jure tafiya ne, waɗanda ke yaushi cikin yini guda a ƙasar da babu wutar da za ta riƙe ɗakin sanyi. A kan irin waɗannan kaya, kowace kilomita kuɗin mota ce da asara. Mutanen Legas sun ɗanɗana abin da dogaro da doguwar hanya ke jawowa a farkon 2021, lokacin da dillalan abinci da dabbobi na Arewa suka dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Cikin kwanaki farashin tumatur da albasa ya yi tashin gwauron zabo a can, a nan kuma kaya suka riƙa ruɓewa. Kano tana da gatan da Legas ba ta da shi, kuma tana yanka shi fuloti-fuloti.

Wasu biranen sun gwada abin da muke magana a kai. Rosario, a ƙasar Ajantina, ta fara shirin noman cikin gari a 2002, bayan durƙushewar tattalin arzikin ƙasar. Abin da ya bambanta shi da rabon iri na 'yan siyasa shi ne hukumar birnin ta binciko filayen da ba su dace da gini ba, gefen layin dogo da manyan tituna da wuraren da ambaliya ke ci, ta ba marasa aiki izinin noma su a rubuce, ta buɗe masu kasuwanni, ta kuma shigar da lambunan cikin babban tsarin birnin. Shirin ya rayu ya wuce gwamnatoci da dama, har ya ci wata babbar lambar yabo ta birane a 2021. A Afirka, majalisar birnin Kampala ta yi dokokin da suka halasta noman cikin gari a tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe ana ɗaukar sa a matsayin laifi. Darasin Yamai kuwa na gargaɗi ne. Tun a shekarun 1960 aka fara dasa mata ɗamarar itatuwa, mafi yawa dogon yaro, don tare iska da rairayi. Rabon fulotai ya cinye babban ɓangarenta. Sa wa wuri suna a takarda ba ya kare shi idan babu mai cin abinci a cikinsa.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce Kano tana fama da ƙarancin gidaje, kuma jiha tana samun kuɗin shiga daga fulotai da harajin ƙasa, ba daga alayyafo ba. Haka ne. Amma ba a ce a hana gini a kan tudu ba. Maganar a kan wuraren da tun asali bai kamata a ba da izinin gini a kansu ba ce: gaɓar Jakara da Getsi da Salanta, ragowar kududdufai, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, gefen layin dogo, da filayen makarantu da asibitoci da ke zaune ciyawa na ci, waɗanda idon 'yan kwangila ke kansu. Kuɗin da aka samu daga fuloti a cikin kwari sau ɗaya ake karɓar sa. Kuɗin yashe magudanai da rabon tabarmi da buhunan shinkafa ga waɗanda ambaliya ta ci kuwa duk damina sai an biya, kuma daga baitulmali ɗaya suke fitowa. Rusau ɗin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta yi a 2023, ko mutum yana goyon bayansa ko yana adawa da shi, ya nuna irin tsadar gyaran kuskuren da aka riga aka zuba wa siminti: dukiya ta salwanta, shari'u sun biyo baya. Hana gini tun farko sa hannu ɗaya ne.

Abin da ake bukata daga Majalisar Dokokin Jiha ba shi da yawa. A sa noman cikin gari cikin jerin amfanin ƙasa da doka ta sani, kamar yadda ta san wurin zama da na kasuwanci. A shata waɗannan wurare a wallafa su a jaridar gwamnati, yadda soke su zai buƙaci fiye da umarnin mutum ɗaya. Inda ƙasar ta gwamnati ce, a ba ƙungiyoyin 'yan lambu haya ta shekara biyar ko goma a rubuce, bisa sharaɗin ba gini, ba sayarwa. Inda ta masu gado ce, dole a samo abin da zai sa riƙewa ta fi sayarwa, ko sassaucin haraji ko musayar fili a kan tudu, domin ba adalci ba ne a ɗora wa iyali ɗaya nauyin kare birni kyauta. Wuraren da gwaji ya nuna ƙasarsu ta riga ta sha guba, a juya su zuwa renon itatuwa da furanni, sana'ar da ta riga ta kafu a gefen titunan Kano, a ba masu ganye rijiyoyin burtsatse a wuri mai tsafta. Shirin Fadama na Bankin Duniya ya haƙa irin waɗannan rijiyoyi da yawa a karkara tun farkon shekarun 1990, don haka ma'aikatan da suka iya aikin suna nan.

Kafin duk wannan, sai an san abin da ya rage. Duk jami'in da zai kare lambu a gaban gwamna yana buƙatar lamba a hannunsa: kadada nawa, mutum nawa, wane ruwa suke sha, wa ke da ƙasar. Jihar tana da hukumar taswirar ƙasa ta zamani, KANGIS, tana da sassan nazarin ƙasa a jami'o'inta, da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundi a kai. Lokacin wannan ƙidaya shi ne Janairu da Fabrairu, sa'ad da ko'ina ya bushe, kowane lambu ya fito sarai a hoton tauraron ɗan'adam. Idan aka ajiye hoton bana kusa da na shekara goma da suka wuce, za a ga wane kwari ne aka cike, a wace shekara, sannan a koma rumbun fayil a duba sa hannun da ke kan takardar izinin.